Yadda Ake Tayar da Hedimasta

Litinin, 12 ga Yuni

Ruwa tun asuba. Rufin ɗakin wanki ya koma yoyo. Na ce wa Sasi, mai kula da ɓangaren maza, ya hau ya duba in an ɗauke.

Jayan ya kira daga Muscat, ɗan Malam Achuthan. Gaisuwa a tsaitsaye, sai magana. Wai ya lura duk sanda ya kira ta bidiyo mahaifinsa a kishingiɗe yake, rabon da ya gan shi a tsaye har ya manta. Na ce mutum ya haura tamanin, a kan keke kake so ka gan shi? Bai yi dariya ba. Ya ce zai zo hutun Onam, babban bikinmu na ƙarshen damina. In ya tarar Malam ba ya iya tashi daga kujera da ƙafarsa, zai mayar da shi birnin Kochi, irin gidajen nan masu gadon ƙarfe da ake murɗawa, inda ake kwantar da mutum ana juya shi kamar wainar dosa a tanda. Dosar tawa ce, ba shi ya faɗa ba.

Wai akwai wata likitar gashin ƙashi da ta dawo daga Ireland, zai turo ta. Na ce ba a turo mini mutum gidana. In za ta zo ni zan ɗauke ta, kuma ba don mutum ɗaya ba, ta koya wa ma'aikatana gaba ɗaya. A haka muka rabu.

Da yamma na gaya wa Malam. Ya dube ni ta saman tabarau. "Kochi. A fitar da ni daga Ottapalam da raina." Ya koma kan jaridarsa. Shayinsa ya huce a wurin, ma'aikaciyarmu Omana ta zo ta ɗauke.

Laraba, 14 ga Yuni

Bari in rubuta don kaina, tunda yanzu kowa ya sami bakin koya mini aiki.

A aji goma na tsaya, jarrabawa ta kayar da ni, lokacin Malam Achuthan ne hedimasta. Da gugar katako na fara a shagon wani, ina kwana a kan tarin falanki. Yau shagunan kujeru uku gare ni a bakin babban titi, kowanne da sunana Divakaran a saman ƙofa, ga kuma wannan gida na tsofaffi. Ba don riba na gina shi ba. 'Ya'yan garin nan sun watse ƙasashen Larabawa da Turai, sun bar iyaye a manyan gidaje, daga su sai fanka tana juyawa. Dole wani ya yi, ni na yi.

Dokata ɗaya ce tun ranar da aka buɗe: tsoho a gidana ba ya ɗaga ko kofi. A kawo masa, a ɗauke masa, a ɗaga shi, a ajiye shi. Kuma kowane dattijo na da kujerar kishingiɗa a baranda, mai dogayen hannuwa da zai miƙe ƙafa a kai, irin ta magidantan da. Ta Malam da hannuna na yi, da itacen tik, ban bar kowa a shago ya taɓa ba. Ranar da ya fara zama ya shafa hannunta ya ce, "Ba laifi." Wanda ya yi makarantarsa ya san nauyin wannan.

Asabar, 17 ga Yuni

Ta zo. Jincy sunan likitar. A kan ɗan babur, cikin rigar ruwa, ba ta kai babbar 'yata shekaru ba. Kawu take ce mini. Kowa a gidan nan Maigida yake cewa. Na ƙyale ta.

Ba ta taɓa kowa ba sai da ta zagaya tana kallo. Ta ga yadda Sasi da Omana, wadda ta fi kowa daɗewa a aikin, suke kai Malam banɗaki: kowa ya zura hannu a hamata ɗaya, su cicciɓe shi su ɗora a keken guragu. Aiki mai tsafta, babu ɓata lokaci. Ni har na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

Ta ce masa Baba. Ya ce, "Malam." Ta gyara. Ta sa ya tura tafin hannunta da ƙafarsa, dama da hagu. Ta ce ƙarfi yana nan amma tafiya yake yi, ƙafar da ba a taka ta mantuwa take. In aka bar shi haka har ƙarshen damina, ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba.

Sai kujera. Ta zauna a wata da ba kowa a kai, ta nutse, ta yi ta fafutukar fitowa.

"Kawu, wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Ta yi kyau ƙwarai. Amma rami ce."

A gaban ma'aikatana.

Lahadi, 18 ga Yuni

Rami.

Talata, 20 ga Yuni

Darasin farko, a ɗakin cin abinci bayan an kwashe kwanukan safe. Ni a bakin ƙofa na tsaya. Ba ɗalibi ba ne ni, duba aiki na zo yi.

Ta fara da sa su ɗaga junansu yadda suke ɗaga tsofaffi. Sasi ya kama Omana ta hamata ya ɗaga. Ta ce, "Sake ni, ɗan banza, buhun shinkafa ka samu?" Ya ce, "Yaya Omana, buhu ai ba ya zagi." Aka yi ta dariya. Jincy ta bari sai da aka gama, ta ce to haka suke ji kullum, safe da yamma, kunya ce ta hana su faɗa. Dariya ta tsaya. Omana da bakinta ta ce bayanta ya shekara yana ciwo. Ba ta taɓa gaya mini ba. Wannan bai yi mini daɗi ba.

Yadda ta ce a yi: tsoho ya matso bakin kujera. Ya ja ƙafafunsa baya su zo ƙarƙashin gwiwa. Ya sunkuyo gaba sosai, har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafarsa. Sannan ya danna hannun kujera ya tura. Mai taimako a gefe yake tsayawa, tafin hannu a gadon baya, ba ja ba ɗagawa. Kuma ya jira.

Jiran ne ya kawo gardama. Omana ta ce, "In tsaya ina kallon tsohuwa tana nishi, hannuna a sake? 'Ya'yanta su shigo su ce me?" Jincy ta ce su ce uwarsu tana tashi.

Dokata ke nan ake rushewa ina tsaye.

Juma'a, 23 ga Yuni

Kaka Eliamma, ɗaya daga cikin tsofaffinmu. Matasai muke jera mata tuli, don 'yarta ce ta aiko su daga Kanada, kuma mu a wurinmu yawan matashi shi ne gata. Jincy ta kwashe, ta bar ɗaya a ƙugu, ta naɗe tawul ta cusa a gefen da take karkacewa, ta sa ɗan akwati ƙarƙashin ƙafafunta da ke lilo. Tsohuwa ta zauna sak. Ta shanye kunun shinkafarta ba ta ƙware ba, ita da kullum sai an bubbuga mata baya. Ta gama ta ce ina mangwaron yaji, rowa ake mata.

Akwatin daga shagona yake. A rubuta wannan ma.

Talata, 27 ga Yuni

Yau aka gwada da Malam, daga bakin gadonsa, tunda kujerata an yanke mata hukunci.

Jincy ta ce wa Sasi ya tokare ƙafar Malam da tasa ƙafar kada ta zame. Sasi ya dube ta, ya dube ni. Ta ce yi mana. Ya matsa. Malam ya fara tasowa, ya ɗan rabu da katifa, sai yatsan ƙafar Sasi ya taɓa ƙafarsa. Kafin kowa ya ankara Sasi ya cire hannu daga bayan Malam, ya taɓa gwiwar Malam ya kai hannun ƙirji yana neman gafara, kamar yadda kowannenmu zai yi in ƙafarsa ta taɓa babba. Malam ya koma kan katifa tim.

Bai ji ciwo ba. Ya gyara ɗaurin mundunsa, zanen da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu, ya ce, "Uwarsa dai ta yi masa tarbiyya."

Jincy ta riƙe kai tana dariya. Ta ce laifinta ne, zaman Ireland ya sa ta manta. Ita ma da kakanta ne ba za ta iya sa masa ƙafa ba. An soke tokare da ƙafa a gidan nan. Tabarmar roba za a riƙa shimfiɗawa. Na aika an sayo.

Na ji daɗi da ta yi kuskure. Ba zan ɓoye wa takarda ba.

Alhamis, 29 ga Yuni

Bayan abincin rana, a gida, na bari matata Sulochana ta shiga ciki, na gwada tashi daga tawa kujerar ba tare da na yi lilo ko na kama ginshiƙi ba. Ni da nake ɗaukar falanki a kafaɗa har bara.

Ba sai na rubuta yadda aka ƙare ba. Ashe tana bakin taga. Ta ce, "In kira maka Omana?"

Litinin, 3 ga Yuli

Jincy ta sa an kawo wa Malam kujerar baƙi daga ofishina, mai miƙaƙƙen baya. Ko kallonta bai yi ba. "Ta masu zuwa neman alfarma ce. A irinta iyayen yara suke zama a gabana." Ya ce a mayar da shi tasa. Aka mayar.

Na ja ta gefe na ce ta ba ni awo. Daga dunduniya zuwa bayan gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙugu, da inda gwiwar hannu ke sauka. Ta ce, "Kawu, za ka iya?" Na rubuta awon na wuce shago.

Asabar, 8 ga Yuli

Kwanakin nan ina bayan shago. Kafintocina sai leƙe suke, sun daɗe ba su ga zarto a hannuna ba.

Dabarar ita ce ta yi kama da tsohuwar daga nesa. Dogayen hannuwa suna nan, sassaƙar saman kai tana nan. Amma ƙafafu sun ƙara tsayi, baya ya miƙe, mazauni na katako da siririn kushin maimakon yadi mai lotsawa. Kuma na cire sandar da ke haɗa ƙafafun gaba, don dunduniya ta sami wurin komawa baya. Wannan na ƙarshe ni na gano, ba ita ta faɗa ba.

Wuyan hannuna yana zafi. Ko tsufa ko rashin yi.

Talata, 11 ga Yuli

An kai masa. Ya zauna, ya jingina, ya danna hannuwan. "Ta fi kama da ta ofishina a makaranta." Ya karɓa ke nan.

Sauran dattawan baranda sun fara cewa su fa. Za a yi, a hankali.

Juma'a, 14 ga Yuli

Ɗan ƙanin Kaka Eliamma ya zo gaishe ta, wani mai ƙaton agogo. Ya tarar tana yunƙurin tashi, Omana a gefe ba ta ja ta ba. Ya hau faɗa tun daga ƙofa: wannan wane irin gida ne, ma'aikaciya tana tsaye kamar gunki. Omana ta sunkuyar da kai, hannunta har ya tafi hamatar tsohuwar.

Na ce ta tsaya yadda take. Na ce masa dokar gidan nan ce, in bai gamsu ba ga ofishina can. Muna cikin haka Kaka ta miƙe ta ce masa, "Kai, matsa, ka tare mini hanya."

Ba wai na koma bayan Jincy ba ne. Ba a yi wa ma'aikaciyata tsawa a gabana, shi ke nan.

Alhamis, 20 ga Yuli

Malam ba ya tashi.

Kowa ya ci gaba ban da shi. Kaka Eliamma tana zuwa ɗakin cin abinci da ƙarfen dogarawa, Omana na bin ta tana cizon leɓe. Sasi ya iya jira fiye da kowa. Ina zargin lalacinsa na da ne ya taimaka. Amma Malam. Ya matso baki, ya ja ƙafa, ya kama hannun kujera, da an zo sunkuyawa sai ya sandare. Ƙirji a waje, haɓa a sama, kamar ranar taron makaranta. Ya yunƙura a haka, nauyinsa duk a baya, ƙafafu su nemi zamewa gaba, ya koma ya zauna.

Jincy ta duba bayansa, ta duba ƙugu, ta tambayi ko jiri. Babu. In jaridarsa ta faɗi yana sunkuyawa ya ɗauka, da idona na gani.

Duk ranar darasi ina wurin, a gabansa, in ga yadda kujerar ke yi.

Talata, 25 ga Yuli

Yau ya faɗa. Jincy ta ce, "Malam, sunkuyo kaɗan, kaɗan kawai." Ya ɗaga ido ya dube ni, ina tsaye gabansa na harɗe hannuwa.

"Wato kafin in tashi sai na rusuna wa Divakaran."

Sasi ya sami abin kallo a silin.

Na ce, Malam, ba wanda ya ce haka. Ya ce, "Ban tambaye ka ba."

Na fita. A kan kujerar da na yi masa har sau biyu.

Laraba, 26 ga Yuli

Ban je ba. Shago ma yana da aiki.

Talata, 1 ga Agusta

Har yau ban shiga ba, amma Omana na kawo rahoto ba a tambaye ta ba. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Sasi ɗalibinsa ne. Uwar Omana ta yi shara a makarantar. Jincy kanta mahaifinta ya sha bulalarsa. Garin nan kaf babu wanda Malam zai sunkuyar wa kai. Jincy ta gwada juya kujerar ta fuskanci bango, kowa ya koma ta baya. Ya ce shi ba ɗan aji biyu ba ne da za a juya shi bango.

Na yi dariya ni kaɗai a ofis. Daga baya dariyar ta tafi.

Lahadi, 6 ga Agusta

Jayan ya kira, ya yanki tikiti. Ya tambaya, na ce ana samun ci gaba. Akwai ci gaba a gidan ai.

Laraba, 9 ga Agusta

Omana ta ce Malam ya sa ta sauko masa da jakarsa daga saman kabad ta goge. Ya ba Sasi lemarsa kyauta.

Na je da la'asar na zauna a dakalin baranda. Ruwa na zuba daga indararo. Malam na kan kujerarsa. Can ya ce, "A Kochi babu wanda ya san ni. In suka ce sunkuya, sai in sunkuya. Sai dai can ba za su ce ba. Ɗagawa za su yi."

Na ce to a yi a nan mana, Malam, sau ɗaya, a rufe ƙofa.

Ya ce, "Kai mai ba da shawara, wa ka taɓa sunkuya wa?"

Na tashi na ce zan duba janareta.

Alhamis, 17 ga Agusta

Ban yi niyyar shiga ba. Wucewa nake zuwa kicin kan maganar ganyen ayabar da za a ci abincin Onam a kai, na ji muryar Jincy. An wanke tabarmar robar, ruwa ya hana ta bushewa, siminti kuwa ya yi gumi yadda yake yi a damina. Jincy na cewa a bari sai gobe. Malam ya ce yau ranar darasi ce, ba a ɗage darasi don tabarma. Ya matso baki, ya kama hannun kujera, ya yunƙura a sandare kamar kullum, kafin kowa ya shirya. Na ga ƙafafunsa sun tafi gaba a kan simintin, duka biyun. Da ya zame daga bakin kujerar nan, ƙugu ne zai karye.

Ban san sanda na tsuguna ba. Na kama idon sawunsa da hannu biyu, na mayar da su baya, na danne. Ƙafafu masu sanyi, ba nauyi. Kaina saitin gwiwarsa.

Ina nan a duƙe sai na ji hannu a kaina.

Ba wani abu ba ne, sabo ne. Shekara da shekaru ɗalibai na duƙawa su taɓa ƙafarsa, shi kuma ya sunkuyo ya dafa kansu ya sa albarka. Jikinsa ne ya yi kafin shi ya sani. Amma dai ya sunkuyo. Sosai, har ina jin numfashinsa a ƙeyata. Jincy ta sa tafin hannu a bayansa ta ce ƙasa-ƙasa, "Tura, Malam." Nauyi ya sauko a kaina, sannan ya ɗauke.

Da na ɗaga ido yana can sama. Na manta tsawonsa.

Ya tsaya yana kallon lambu ta saman kanmu. Omana ta toshe baki da gefen zanenta. Ya ce, "Wa ya bar kwakwar can ta bushe a sama? Za ta faɗo wa wani." Daga zaune ba a ganin kan bishiyar. Sannan ya zauna a hankali, yadda aka koya masa.

Na tashi na karkaɗe gwiwa, na ce wa Jincy siminti ne ke da santsi, dole wani ya riƙe. Ta ce, "Haka ne, Kawu." Ba ta ƙara ba. Yarinyar tana da hankali.

Rabon da in taɓa ƙafar wani tun rasuwar mahaifina. Riƙewa dai na yi. Wuyana yana ciwo.

Asabar, 19 ga Agusta

Jincy ta tara su ta mayar da abin darasi. Ga Malam: ɗaya ya tsuguna ya gyara masa ƙafafu da hannu, ya ɗan dakata. In ya dafa kai a bar shi ya gama, sannan a mayar da hannun kan hannun kujera, don kai ba madogara ba ne. Ɗaya a gefe, tafin hannu a baya. Ta nuna musu tsugunawa da gwiwa ba da gadon baya ba, ta sa Omana ta yi ta maimaitawa har ta ce ita fa ba rawa ta zo koya ba.

Sasi ya yi, Malam ya tashi. Omana ta yi, ya tashi. Babu wanda ya ambaci dalili a gabansa, shi ma bai ambata ba. Gyaran ƙafa ake ce wa abin.

An sauke kwakwar.

Laraba, 23 ga Agusta

Daga kujera zuwa ƙofar ɗakinsa da ƙarfen dogarawa. Ya tsaya a hanya ya gyara wa Sasi nahawu. Jakar tana nan a ƙasa, bai ce a mayar ba.

Litinin, 28 ga Agusta

Jayan ya iso da hantsi, kai tsaye daga filin jirgi. Matan gidan na tsakar gida suna shimfiɗa furannin Onam. Malam na baranda cikin sabon mundu mai bakin zinariya.

Na so in tare shi tukuna in yi masa bayani, in kira Sasi, a yi abin a tsari. Ban samu ba. Ya ajiye jaka, ya cire takalmi, ya hau baranda ya duƙa ya taɓa ƙafar mahaifinsa, kamar kowane ɗa da ya dawo daga tafiya.

Malam ya ja ƙafafunsa baya da kansa. Ya sunkuyo, ya dafa kan ɗansa, ya mayar da hannu kan kujera. Omana ta yar da furen hannunta ta iso gefensa, ta kai hannu bayansa, ba ta taɓa ba. Ya miƙe.

Jayan na tsugune yana kallon sama. Malam ya ce, "Tashi mana. Ko sai an ɗaga ka ta hamata?"

Da rana ya same ni a ofis. "Yaya Divakaran, maganar Kochin nan." Na ce wace Kochi? Ya ce a bar ta. Ya ɗauko doguwar godiya, na ce ya kai wa Jincy da su Omana, ni kujera kawai na yi.

Malam ya karɓe lemarsa daga hannun Sasi. Wai aro ya ba shi.

Talata, 29 ga Agusta

Onam. An ci a ganyen ayaba, Malam ya zo teburi da ƙafarsa. Ya ce kunun payasam ya cika zaƙi, ya nemi ƙari.

Litinin, 4 ga Satumba

Jayan ya koma. Ruwa ya ja baya. An fara aikin sauran kujerun baranda. Jincy ta ce yanzu sai jefi-jefi za ta riƙa leƙowa, su Omana sun iya.

Gyaran ƙafar safe aikin Sasi ne, haka aka tsara, kuma yana yi daidai, ba zan ce ba ya yi ba. Sai dai hanyata ta zuwa shago ta nan ta bi, kuma ni na san kujerar; in wani abu ya saki a jikinta ni zan fara ji. Shi ya sa kwanakin nan nakan ce masa ya je ya kawo ruwan zafi.

Yau mota ta ƙi tashi, sai da rana ta ɗaga na iso. Na tarar da Sasi tsaye a gefe da bokitin ruwan zafinsa, Malam a bakin kujera, ƙafafu a miƙe gaba, mutumin da ya iya jan su da kansa. Ya dubi agogon hannunsa.

"Ka makara, Divakaran."

Na ce a yi haƙuri, Malam. Sai da na tsuguna na ji abin da na faɗa. Ni da gidana.